Garanti Yana Maido Da Faifai, Ba Ya Maido Da Aiki

'Yan'uwa, abin da ya same mu a ofishin ikilisiyarmu shi ya sa muka ɗauki alƙalami. Kwamfutar da muke ajiye sunayen masu baftisma, da na ma'aurata, da lissafin baiko ta fara wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, tana kuma jinkirin buɗe takardu. Muka ce sai bayan taron dattawa za a duba. Kafin ranar taron, faifan ajiyar da ke cikinta ya mutu.

Muka sha wuya kafin mu gano rasit. Da muka kai wa mai shagon, ya karɓa, bayan 'yan makonni aka ba mu wani faifan a madadinsa. Amma babu ko suna ɗaya a ciki. Da ba don tsohon littafin rajista da magabatanmu suka rubuta da hannu ba, da wasu sun zo neman shaidar aurensu sun koma hannu wofi.

Ra'ayinmu ke nan: kada kowa ya dogara ga garanti kamar shi ne ma'aji. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan faifai, wato Seagate da Western Digital da Toshiba, alkawarinsu na ƙarfen ne. Suna musanya wanda ya lalace, sau da yawa ma da wanda aka gyara, amma aikin da ke ciki nauyinsa yana kan mai shi.

Ya kamata mu san dalilin da ya sa faifan ke mutuwa. Tun da kamfanin IBM ya fito da na farko a 1956, tsarinsa bai canja sosai ba. Faranti ne ke juyawa a ciki, yawanci sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da ɗan hannu mai karantawa yana shawagi dab da shi. Duk abin da ke motsi haka, wata rana zai gaji. Faɗuwa ƙasa, da zafi, da ɗauke wuta bagatatan suna gaggauta ranar.

Saboda haka, in kun ji ƙarar nan, ko takardu suka fara ƙin buɗuwa, a kwashe abu mafi muhimmanci nan take zuwa filas ko wani faifan. Kada a yi ta kunnawa ana kashewa, domin kowane juyi yana iya ƙara ɓarna. Akwai manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke karanta rahoton lafiyar faifai. Masana kuma suna ba da shawarar a riƙe kofi 3 na kowane aiki, a kan ma'aji iri 2, a ajiye 1 a wani gini dabam. Rigakafi ya fi magani.

Sai batun mayarwa. Ranar saye ake shirya shi. A karɓi rasit mai kwanan wata da lambar da ke jikin faifan, a tambayi tsawon garantin, a kuma sa mai shago ya rubuta. Faifan da ya zo a cikin kwamfuta, garantinsa yana hannun wanda ya ƙera kwamfutar. Ta gwanjo kuwa, galibi sai abin da mai shago ya yi alkawari. Kada a kwance murfin faifan ko a ɓare takardar jikinsa, don hakan yana soke garanti. In har yana ɗan aiki, a goge abin da ke ciki kafin a miƙa shi, gama sirrin jama'a amana ce a hannunmu.

In mai shago ya ƙi sauraro alhali hakkinku ne, akwai hukumar tarayya mai kare masu saye, FCCPC, wadda dokar da aka sa wa hannu a 2019 ta kafa. Tana karɓar ƙorafi.

Akwai kuma gefen da ya shafe mu. Wani zai yar da kwamfutarsa a ƙasa, ko ruwa ya zube mata, sai ya je ya rantse cewa haka kawai ta mutu. Wannan cuta ce, ko da kamfanin yana ƙetaren teku. Ita ce kuma ke sa masu shago su riƙa tuhumar mai gaskiya. Wanda yake so a cika masa alkawari, sai shi ma ya faɗi gaskiyar abin da ya faru.

A wurinmu yanzu, kowace Asabar magatakarda yana kwafe aikin mako, kofi ɗaya yana kwana a gidan ma'aji, littafin rajista kuma ba mu daina rubuta shi ba. Muna roƙon kowace ikilisiya da makaranta ta sa wannan magana cikin taronta na gaba, tun faifan bai fara ƙara ba.