Joe Burrow: Shekara Uku a Benci, Kaka Ɗaya ta Tarihi

A ƙwallon Amurka, wadda ake yi da hular kwano da sulken kafaɗa, kowane hari daga hannun mutum ɗaya yake tashi. Shi ake kira kwatabak. Shi ke karɓar ƙwallo, ya karanci tsayuwar abokan hamayya cikin daƙiƙa biyu ko uku, ya jefa wa wanda ya kuɓuce. Gurbinsa ɗaya ne tak a fili, kuma ba kasafai koci ke sauya mai shi ba. Wannan ƙa'ida ta kusa binne Joe Burrow.

A sakandaren Athens da ke kudu maso gabashin jihar Ohio, yaron ya yi abin a zo a gani. A 2014 ya kai makarantarsu wasan ƙarshe na jiha, suka sha kashi da ƙaramar tazara, 56 da 52, aka kuma zaɓe shi gwarzon 'yan wasan sakandare na Ohio. Duk da haka Jami'ar Nebraska, inda mahaifinsa da yayyensa biyu suka taka leda, ba ta neme shi ba. Ohio State ce ta ɗauke shi a 2015.

Nan ya tarar da layi. J.T. Barrett na riƙe da gurbin. A 2017 Burrow ya karye a hannu wajen atisaye, Dwayne Haskins ya sha gabansa. Shekara uku bai fara wasa ko ɗaya ba. Karatu ne ya cece shi: ya kammala digiri cikin shekarun nan uku, abin da ya ba shi damar sauya jami'a ba tare da zaman jira ba. A 2018 ya koma LSU a jihar Louisiana, wajen koci Ed Orgeron.

Kakarsa ta farko can ba yabo ba fallasa, jifa 16 kawai suka kai ga ci. Sai 2019, da aka ɗauko mataimakin koci Joe Brady ya shimfiɗa salon da ke baza masu cafe ƙwallo ko'ina a fili, ga Justin Jefferson ga Ja'Marr Chase. Burrow ya yi jifan yadi 5,671, guda 60 suka kai ga ci. Hannun bai canja ba, tsarin ne ya dace da shi, kuma wannan abin dubawa ne ga masu saurin yanke wa matashi hukunci daga benci. A kakar ce LSU ta doke Alabama 46 da 41 har gida.

A Disambar 2019 aka ba shi kambin Heisman, mafi daraja a ƙwallon jami'o'i. Yana hawaye a kan dandamali, ya kawo zancen yaran yankin Athens da ke komawa gida daga makaranta babu abin kai wa baka. Cikin 'yan makonni jama'a suka tara wa rumbun rabon abinci na yankin fiye da dala dubu 500.

Saura kofin ƙasa na jami'o'i. Ya lallasa Oklahoma 63 da 28, da jifan ci bakwai kafin hutun rabin lokaci, sannan Clemson 42 da 25 a New Orleans a Janairun 2020: wasa 15, nasara 15. A watan Afrilu ƙungiyar Cincinnati Bengals ta zaɓe shi na farko cikin dukkan 'yan wasan jami'o'in da suka shiga gasar ƙwararru ta NFL a shekarar.