Waiwaye: Dutsen da Ya Narke a Ruwan Tibiri

Wanda ya taso daga Yamai zuwa Filinge, da ya wuce Baleyara zai fara ganin duwatsu sun tsaya gefe da gefe kamar masu gadin kwarin Dallol Boso. Sunan yankin Tondikandiya ma da dutse ya fara, domin "tondi" da Zabarmanci dutse ke nan. Mu mutanen wannan yanki har zuwa Kurfai mun san dutsen da ke bisa ƙasa, wanda muke gini da shi, muke niƙa a kansa. Yau waiwayenmu a kan wani dutse ne da ke kwance can ƙarƙashi, wanda ba ma gani amma yana iya shiga randarmu. Sunansa fulorait.

Dutse ne kyakkyawa. Akwai shuɗi, akwai kore, akwai ruwan ɗorawa, akwai mai launin makuba, wani kuma garau kamar gilashi. Yakan fito da kusurwoyi daidai wa daida kamar ƙwayar sukarin kwali, kuma ba shi da tauri sosai, wuƙa ma tana kartarsa. Sinadari biyu suka haɗu suka yi shi: kalsiyam, wanda ke cikin ƙashin jikinmu, da fulorin. Kyansa ya daɗe yana jan mutane. Masana da dama na ganin da shi aka sassaƙa wasu kofunan da attajiran Rum ta dā suke saye da tsadar gaske. A Ingila har gobe ana haƙo wani irinsa mai suna Blue John a yi kayan ado. Masu sayar da duwatsun ado kuwa suna cewa yana wartsake ƙwaƙwalwa, yana korar mugun abu. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, wanda ya saba ganin an rataya wa yaro tsakiya ko laya don kambun baka. Sai dai ƙarfin da aka tabbatar dutsen yana da shi ba a wuya yake aiki ba.

Tun 1530 wani masani Bajamushe, Agirikola, ya rubuta cewa masu narka tama suna jefa shi cikin wuta don kashin maƙera ya tsinke ya malale. Daga kalmar Latin mai nufin malala aka samo sunansa. A 1886 Bafaranshe Henri Moissan ya yi nasarar ware fulorin shi kaɗai, aikin da ya raunata masana da yawa kafinsa. Yau da fulorait ake taimaka wa narkar ƙarfe, ake sarrafa alminiyam, ake yin gilashin kyamara mai tsada. Ko yuraniyam ɗinmu na Arlit sai an haɗa shi da fulorin kafin a tace shi ya zama makamashin lantarki. Man goge baki da ke kanti ma akwai ɗan kaɗan ɗin fulorin a ciki, domin kaɗan ɗin yana kare haƙori daga ruɓewa.

To, a kan wannan kaɗan ɗin zancen yake. Ruwan da ya daɗe kwance cikin duwatsu irin su fulorait yakan narkar da su sannu a hankali, ya ɗauko abin da ake kira fulorayid. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a kowace litar ruwan sha. In ya wuce, haƙoran yara su fara yin dabbare-dabbare, su koma ja. In ya yi yawa ƙwarai, sai ya shiga ƙashi.

Abin da ya sami Tibirin Gobir ke nan, kusa da Maraɗi. A 1985 aka ja wa garin famfo daga foraj, wato rijiyar burtsatse, mai zurfi. Mata suka huta da guga, ruwa kuma fari tas, babu wari, babu ɗaci. Shekaru suna tafiya sai iyaye suka lura haƙoran 'ya'yansu sun rine, ƙafafun wasu sun gwame, kan wasu ya girma fiye da ƙima, wasu tafiya ma ta gagare su. A ƙasarmu in ƙafar yaro ta lanƙwashe haka kawai, abin da zuciya ke fara kawowa iska ne ko sammu, ba wanda zai zargi ruwan da kowa ke sha. Da aka auna, sai aka tarar fulorayid ɗin da ke ciki ya ninka ƙa'ida fiye da sau uku. Kusan shekara 15 ana shan ruwan nan, kuma dubban yara abin ya shafa. A 2002 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na ANDDH da FIDH suka fitar da rahoto wanda ya kai kukan Tibiri duniya. An sauya ruwa, amma haƙorin da ya rine ba ya komawa fari. Waɗancan yara yau manya ne, da yawansu suna ɗauke da tabon a jikinsu.

Abin da ya fi ciwo shi ne, tun 1931 masana a Amurka suka gano cewa fulorayid ne ke rina haƙoran yara a garuruwa irin su Kolorado Sifirin. Ilimin yana nan fiye da shekara hamsin kafin a haƙa foraj ɗin Tibiri. Kwalba guda ta ruwa da aka kai ɗakin gwaji a kan kari da ta wadatar.

Me ya haɗa wannan da mu? A cikin dallol ruwa yana kusa, amma ƙauyukan tudu sai an nitsa da nisa kafin a same shi, kuma kowace shekara ana ƙara haƙa foraj, na gwamnati, na ƙungiyoyin agaji, da na masu neman lada. Alheri ne babba, Allah ya saka musu. Amma ido ba ya ganin fulorayid, harshe ba ya jin sa, tafasa ruwa ba ta fitar da shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi. Awo ne kaɗai ke tona shi. In an gano shi da wuri akwai mafita: a gauraya ruwan da wani mai sauƙi, ko a tace shi da gawayin ƙashi, ko a bar shi don wanki a nemo wa yara wani.

Don haka ina kira ga magadan gari, hakimai, masu gari da kwamitocin ruwa daga Damana har Filinge: duk foraj ɗin da aka haƙa, a nemi takardar awon ruwansa kafin a buɗe famfo, a kuma riƙa maimaita awon. Iyaye mata, ku riƙa duba bakin 'ya'yanku. In kun ga haƙoran yaran unguwa suna rinewa tare, ku kai magana likita. Gemun Tibiri ya riga ya kama da wuta, mu shafa wa namu ruwa, amma ruwan da aka auna.