Tabar wiwi a Amurka: wa aka ɗaure, wa ke cin riba?

A makon jiya mun tafka musu a ɗakin kwananmu na jami'a, bayan wani abokinmu ya ce Amurkawa sun halasta wiwi ne don sun gano ba ta da illa. Ba haka zancen yake ba. Illarta ga ƙwaƙwalwar matashi tana nan daram, shi ya sa ko a jihohin da suka halasta ta, sai ɗan shekara 21 ake sayar wa. A nan gida kuwa laifi ce, hukumar NDLEA na kamu a kanta.

Ɗaya daga cikin manyan hujjojin masu neman sauyi a can ita ce yadda ake aiki da dokar. A 2013 ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU ta fitar da rahoto cewa baƙaƙe da farare kusan daidai suke shan wiwi, amma yawan kamun da ake yi wa baƙar fata ya kusa ninka na farar fata sau huɗu. Ku duba fa: laifi ɗaya, unguwa daban, makoma daban. Kuma ba a kurkuku abin yake ƙarewa ba. Sunan mutum na shiga kundin masu laifi, ya je neman aiki a bincika a gani, ya je neman hayar gida a gani.

Da jihohin Kolorado da Washinton suka buɗe ƙofa a 2012, sai wiwi ta koma kasuwar biliyoyin daloli. Su wa suka buɗe shaguna? Masu jari, galibi farare. Lasisi na da tsada, bankuna na ɗari-ɗari da ba da rance, wanda aka taɓa ɗaurewa kan ƙwaya kuma a wurare da dama aka hana shi shiga. A ganinmu, nan ne rashin adalcin ya fi muni.

Wasu sun fara gyara. A 2024 gwamnan Merilan, Wes Moore, ya yi afuwa kan hukunce-hukuncen wiwi kimanin 175,000. Jihar Ilinoi ta ware kashi 25 cikin ɗari na harajin wiwi ga unguwannin da suka fi shan wuya. Garin Evanston kuma yana amfani da harajin wajen ba baƙaƙen da aka nuna wa wariya a harkar gidaje tsakanin 1919 da 1969, ko zuri'arsu, dala 25,000 kowanne.