Gaisuwarmu, da Ingilishi

Ƴan'uwa matasa, ni ɗan Magaria ne, manhajar kwamfuta nake rubutawa da abokan aiki ta intanet. Kafin a fara taro sukan ɗan taɓa hira da Ingilishi: ya hutu, ya yara. Ni ko gum! Aikina ba laifi, amma da aka tashi naɗa shugaban tawaga, wanda suka saba da shi aka ba. Abin haushi, mu da ko akuya ba ma tayawa a kasuwar Dungas sai mun tambayi gajiya da iyali! Tun 2025 Ingilishi harshen aiki ne a Nijar, tare da Faransanci. To mu koyi gaisuwar nan tamu da shi. Tambaya biyu kafin taro ma ta isa.