Kurame sun gode da shinkafa, amma tafinta suke nema

Jama'a, duk lokacin da azumi ya kama ko sallah ta matso, mun saba ganin hotuna a Facebook: ƙungiyar agaji ta tara kurame a tsakar wata makaranta, an jera buhunan shinkafa da sukari, an ɗauki hoto, kowa ya watse. Allah ya saka wa masu bayarwa da alheri, babu mai raina abinci a wannan zamani na tsadar rayuwa. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: bayan buhun ya ƙare, mene ne ya canza a rayuwar kurma?

Kurma yana da ƙarfin noma, yana ɗinki, yana kafinta, yana walda. A kasuwannin Maradi da Damagaram muna ganinsu suna neman na kansu kamar kowa. Abin da ke tauye shi shi ne yana da harshensa, maganar hannu, mu kuma ba mu iya ba, ba mu kuma tanadi wanda zai tsaya tsakaninmu da shi ba.

Ku dubi abin da ke faruwa a likita. Mace kurma mai juna biyu ta je awo, ungozoma na tambaya, ita tana nuni, babu mai gane wani. Daga ƙarshe sai a kira ɗanta ɗan shekara goma ya fassara, ko wata maƙwabciya. Ina sirri a nan? Wace uwa ce za ta faɗi ciwon da ke jikinta ta bakin yaronta? A rubuta mata takardar magani, ta koma gida ba ta san sau nawa za ta sha ba. Haka yake a komsariya da gaban alƙali: wanda ya iya magana ya zuba nasa, kurma kuwa a ce "to, mun gane", alhali ba a gane komai ba.

Sanarwar rigakafi, ta kwalara, ta ambaliya, duk ta rediyo muke jin su. Kurma ba ya cikin wannan lissafi. Ga shi ƙasarmu na cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓulla lokacin zafi, kuma sanƙarau na daga cikin cututtukan da ke barin yaro da kurumta. Ba mu manta annobar 2015 da ta girgiza Yamai ba. Ke nan kowane gida na iya wayar gari da kurma a cikinsa.

Wasu za su ce ai ana rabon na'urar da ake saƙalawa a kunne. Gaskiya ne, tana taimakon wanda ke da sauran ji. Sai dai tana son gwaji, tana son batir, tana son mai gyara. In babu waɗannan, ƙarshenta cikin akwati. Kuma ga wanda bai taɓa ji ba tun haihuwa, maganar hannu ita ce ƙofarsa ta ilimi da addini da sana'a.

A takarda dai ba mu da matsala. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman tun 2008, kuma yarjejeniyar ta ɗauki maganar hannu a matsayin harshe cikakke. Ranar 23 ga Satumba ta kowace shekara ma an ware ta don harsunan hannu. Muna da makarantar kurame ta Hassane Bana Ba a Yamai, akwai a Maradi da Damagaram. To yaron ƙauye da ke bayan Dakwaro ko Tanut fa? Sau da yawa yakan girma da 'yan alamun da ya ƙirƙira shi da uwarsa, wani ma a miƙa masa ƙoƙon bara.

Don haka ga kiranmu ga ƙungiyoyin agaji, attajirai da magadan gari. A cikin kuɗin da ake warewa, a cire kaso a horar da tafintoci, a biya su albashi, a ajiye ko da mutum ɗaya ne a kowace babbar likita ta jiha. A buɗe aji na yamma kyauta don iyayen yara kurame, domin abin takaici ne uba ya kwashe shekara ashirin bai taɓa hira da ɗansa ba. Limamanmu su duba yadda za a samu mai fassara huɗuba ranar Juma'a. Duk sanarwar lafiya kuma a yi mata ɗan bidiyo da maganar hannu a tura ta WhatsApp, tunda kurame da yawa da kiran bidiyo suke zumunci.

Kafin a tsara komai, a zauna da su. Suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, suna da shugabanni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu kuma sauran jama'a, mu daina kiran mutum "bebe" kamar ba shi da suna, mu hana yara tsokanarsu a titi. Ka koyi gaisuwa da hannu ko da guda biyar ce, ka gwada a kan maƙwabcinka kurma, ka ga yadda fuskarsa za ta canza.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin 'yan uwanmu. Ku tura wa wanda kuka san yana da ta cewa.