Me ya jefa Florida State daga nasara 13 a jere zuwa shan kashi 10 cikin shekara guda?

A watan Disamban 2023, ƙungiyar Jami'ar Florida State da ke Tallahassee a Amurka ta lashe wasanta na 13 a jere a kakar, ta kuma ɗauki kofin rukunin ACC. A kakar 2024 kuwa, wasa biyu kacal ta ci cikin 12, sakamako mafi muni da ta samu tun 1974.

Wasan da ake magana shi ne ƙwallon ƙafar Amurka, wanda ya fi kama da zari-ruga. A can, wasannin jami'o'i babbar harka ce ta kuɗi, inda dubban 'yan kallo ke cika filaye duk Asabar. Florida State kuma ba ƙaramar ƙungiya ba ce, domin ta zama zakarar ƙasa a 1993 da 1999 da 2013.

Inda matsalar ta soma

Ranar 18 ga Nuwamban 2023, Jordan Travis, mai jefa ƙwallon da ke jagorantar kai harin ƙungiyar, ya karye a ƙafa. Duk da cewa ta ci sauran wasanninta, kwamitin da a lokacin ke zaɓen ƙungiyoyi huɗu da za su fafata neman kofin ƙasa ya tsallake ta, ya ɗauki Michigan da Washington da Texas da Alabama. Hujjarsa ita ce ƙarfinta ya ragu tun da babu Travis.

Taurarinta da dama sun ƙi buga wasan ƙarshe na Orange Bowl, inda Georgia ta lallasa ta da maki 63 da 3. Bayan 'yan watanni, ƙungiyoyin ƙwararru na gasar NFL suka ɗauke 'yan wasanta 10.

Ginin da aka yi da aro

Rashin waɗannan taurari kaɗai bai isa ya bayyana faɗuwar ba, tun da manyan ƙungiyoyi na rasa 'yan wasa duk shekara. Babbar matsalar ita ce babu waɗanda aka raino a gida da za su gaje su.

Tun 2021 dokoki suka bai wa ɗalibi damar komawa wata jami'a ya ci gaba da wasa nan take, kuma ya samu kuɗi ta hanyar tallace-tallace da sunansa. Koci Mike Norvell na cikin waɗanda suka fi cin gajiyar wannan kasuwa ta sauya sheƙa. Travis ya zo ne daga Louisville, Jared Verse daga Albany, Keon Coleman daga Michigan State, Trey Benson kuma daga Oregon.

Dabarar ta yi aiki muddin zaɓen ya dace. Sai dai a 2024 cinikin bai yi kyau ba. DJ Uiagalelei, wanda aka ɗauko daga Oregon State domin ya maye gurbin Travis, bai taɓuka abin kirki ba kafin ya ji rauni a hannu. Matasa biyu da suka karɓe shi, Brock Glenn da Luke Kromenhoek, ba su da gogewa, kuma masu tsaron gabansu sun kasa kare su. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Ƙungiyar da ta shiga kakar a matsayi na 10 a ƙasar ta fara shan kashi a hannun Georgia Tech da maki 24 da 21 a Dublin. Boston College ta bi sahu, sai Memphis, tsohuwar ƙungiyar Norvell. Notre Dame ta yi mata 52 da 3. California da Charleston Southern, wadda ke ƙaramin rukuni, su kaɗai ta iya dokewa. Abin da ya ƙara wa magoya baya takaici shi ne a 2024 aka faɗaɗa gasar neman kofin ƙasa zuwa ƙungiyoyi 12.

Me ya sa ba a kori kocin ba?

Amsar ita ce kuɗi. A Janairun 2024, lokacin da ake raɗe-raɗin Alabama na zawarcinsa bayan ritayar Nick Saban, jami'ar ta sabunta kwantiragin Norvell na shekara takwas, kan fiye da dala miliyan 10 a shekara. Rahotanni a 2024 sun ce korarsa za ta ci sama da dala miliyan 60.

Wannan ya zo ne bayan jami'ar ta kai rukunin ACC kotu a Disamban 2023, tana ƙorafin cewa kuɗin talabijin da take samu bai kai na takwarorinta da ke rukunonin SEC da Big Ten ba.

Saboda haka mataimaka ne suka ɗauki laifin. Bayan wasan Notre Dame, Norvell ya sallami uku daga cikinsu, har da Alex Atkins mai kula da kai hari da Adam Fuller mai kula da tsaron baya. Ya ɗauko Gus Malzahn da Tony White a madadinsu, sannan ya amince ya mayar da dala miliyan 4.5 daga albashinsa domin asusun biyan 'yan wasa.

Abin da ke gaba

Sabbin mataimaka za su iya gyara salon wasa, amma rainon matasa daga sakandare na ɗaukar shekara biyu zuwa uku kafin a ga amfaninsa, magoya baya kuma ba su da wannan haƙurin. Hakan na nufin Norvell zai sake komawa kasuwar da ta ɗaga shi a 2023 ta kuma kayar da shi a 2024. Idan zaɓen ya sake kuskurewa, jami'ar za ta fuskanci tambayar da ta kauce wa a 2024: ta biya kuɗin sallamarsa, ko ta ci gaba da jure shan kashi.