Ba Kowace "Termination" Ce Kora Ba

Kundin sake gina ƙasa na 2025 ya sanya Ingilishi cikin harsunan aiki a Nijar, don haka wajibi ne mu kula da yadda ake fassara kalmomin yarjejeniyar aiki. Kalmar termination ta samo tushe daga terminus na Latin, wato iyaka. Tana nufin ƙarshen yarjejeniya ta kowace hanya: cikar wa'adi, murabus, ko dakatarwa daga mai ba da aiki. Dismissal ce ta keɓanta ga na ƙarshen.

Wanda ya yi makaranta da Faransanci a Dakoro yana da nasa tarkon, domin terminaison da ya sani ɗafa-ƙeyar aikatau ce, ba ta da alaƙa da barin aiki.

Hausa kuwa tana bambancewa sarai. Sallama tana tafe da mutunci, kora tana ɗauke da zargi. Direban ƙungiyar agaji da wa'adinsa ya cika, aka fassara masa takardarsa da "an kore shi", zai je neman wani aiki da tabon laifin da bai aikata ba. Ra'ayina shi ne mai fassara ya fara duba dalilin rabuwar kafin ya zaɓi kalma.